Farashi yana rubuce, amma wa ke iya nemo shi?



Duk wanda ya daɗe da zama a kasuwa ya san mutanen nan masu yawo da takarda da alƙalami, yanzu kuma da salula, suna bin rumfa-rumfa suna tambaya: nawa tiyar hatsi, nawa buhun wake, nawa aka sayar da ragon nan? Ku ba su amsa, su rubuta, su tafi, mako mai zuwa su sake dawowa. To ina rubutun nan yake zuwa? Kuma ranar da ɗayanku ya buƙace shi, ta wace ƙofa zai shiga ya same shi?

Ra'ayina shi ne, ƙasarmu ba ta da ƙarancin alƙaluma a kan kasuwa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne hanyar nemo su. Labarin da aka tara aka ajiye inda mai buƙata ba ya iya gano shi, daidai yake da rumbu cike da hatsi wanda aka liƙe bakinsa da laka, masu gida suna kwana da yunwa a gindinsa.

Tun 1989 aka fara bin farashin cimaka a kasuwannin Nijar a ƙarƙashin OPVN, aikin da daga baya ya zama SIMA, wadda aka ɗora wa bin gomman kasuwanni a jahohin ƙasa, har da wasu na tsallaken iyaka irin su Jibiya da Illela da Malanbil. Akwai kuma takwararta mai bin farashin bisashe. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda doka ta kafa a 2004, ita ke riƙe da sakamakon ƙidayar jama'a. An yi ƙidaya a 1977, da 1988, da 2001, da 2012, kuma ta 2012 ta samu mutum miliyan 17 da ɗoriya. A Yamai akwai AGRHYMET, tun 1974 tana tara labarin ruwan sama da na damina na ƙasashen Sahel. Ga ƙungiyoyin duniya irin su PAM da FAO, kowace da nata lissafin farashi. Idan aka haɗa wannan duka, shekaru fiye da 30 ke nan ana rubuta abin da ya fito daga bakinku.

Masu aiki da kwamfuta suna da wani abu da suke kira kundin jerin bayanai. Kar sunan ya ba ku tsoro, domin kun riga kun san irinsa. Babban ɗan kasuwa mai sito uku ko huɗu ba ya buɗe kowane buhu idan mai saye ya zo. Yana da littafi wanda ke cewa: sito na farko wake ne, buhu kaza, daga Tasawa, an shigo da shi wata kaza, yaro wane ne ya karɓa. Littafin nan ba wake ba ne, amma in babu shi, sai an kwashe sito duka kafin a gano buhu ɗaya. Haka kundin yake ga ma'aikata ko ƙungiya. Ba shi ne alƙaluman ba, shi ne yake faɗin abin da ke akwai: sunan kowane tarin bayani, wa ya tattara shi, a wace kasuwa, daga wace shekara zuwa wace, da wane ma'auni, yaushe aka sabunta shi, kuma wa ke da izinin gani. Kamar shaidar da ake rubutawa a jikin buhu ce.

Da kundi ana yin aiki iri biyu, kuma iyayenmu mata sun fi kowa sanin bambancinsu. Na farko nema ne: ka rubuta kalma, misali albasa, kwamfuta ta zubo maka duk abin da ke da albasa a ciki. Sai dai abin da za ta zubo yakan yi yawa, gari da tsaki da dusa duk a haɗe: rahoton noman albasa, lissafin wadda aka fitar waje, farashin shekaru goma baya, har da takardar wani taro da aka yi a kanta. Aiki na biyu shi ne tankaɗe. Ka ɗora rariya ta farko, ka ce jahar Tawa kaɗai. Ka ɗora ta biyu, ka ce kasuwar Galmi. Ta uku, farashi kaɗai, ban da rahoto. Ta huɗu, daga watan Maris zuwa Agusta na shekaru biyar da suka wuce. Abin da ya fara da ɗaruruwan takardu sai ya koma guda ɗaya ko biyu, kuma su ne za su nuna maka yadda albasa ke faɗuwa lokacin cira, da yadda take hawa idan damina ta shigo. Nema ba tare da tankaɗe ba wahala ce kawai, kamar a ba ka buhun tsaba a ce ka yi tuwo yanzu-yanzu.

Irin wannan kundi akwai shi, ba mafarki ba ne. INS ta buɗe nata a intanet da sunan ANADO, inda aka jera binciken da aka yi a ƙasa, ana iya nema da kalma ko a tace da shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe wani a 2014 mai suna HDX, inda ake tacewa da sunan ƙasa ko na ƙungiya, kuma a ciki akwai jerin farashin abinci na Nijar da PAM ke sakawa, kowane layi da ranarsa, da kasuwarsa, da irin kaya, da ma'auni, da kuɗin. Aiki ne mai kyau, a yaba wa waɗanda suka yi shi. Amma na farko da Faransanci yake, na biyu da Ingilishi, kuma dukansu an gina su ne domin mai bincike da ke zaune a biro da kwamfuta a gabansa. Hajiyar da aka tambayi farashin wake a rumfarta a kasuwar Dole ta Damagaram, ba a yi ƙofar da ita a rai ba.

Kuma ko an fassara shi zuwa Hausa, akwai ramuka huɗu da duk mai nema zai faɗa in ba a cike su ba.

Rami na farko shi ne suna. Kwamfuta ba ta da wayon dillali, abin da aka gaya mata kaɗai ta sani. Abin da muke kira hatsi a nan, a Kano gero ne, a takardar ma'aikata kuma da sunan Faransanci aka rubuta shi, ga maiwa a gefe wadda wani ke haɗawa da shi, wani ke rabawa. Garin da takarda ke kira Zinder, mu Damagaram muke cewa. Tawa, Ƙonni, Matamai, Magarya, kowanne yana da rubutun boko na Faransanci da kuma yadda bakinmu ke faɗinsa. Idan ba a koya wa kundi cewa waɗannan sunaye abu ɗaya suke nufi ba, za ka nema ya ce maka babu, alhali abin yana ciki. Wannan amsa ta babu ta fi kowace haɗari, domin mutum zai juya ya tafi da yaƙinin cewa ba a taɓa rubuta abin ba.

Rami na biyu ma'auni ne. Takarda da kilo take lissafi, kasuwa da tiya da buhu. Tiyar hatsi takan kai kilo 2 da rabi, shi ya sa ake lissafa tiya 40 a buhu mai kilo 100. Amma kun san tiyar wani gari ba ta wani ba ce, kuma awon da aka yi wa tozo ba ɗaya yake da wanda aka shafe ba. Buhun albasa kuma nasa lissafin daban. Haka kuɗi: takarda ta ce 250, mai awo ta ce dala hamsin, duk abu ɗaya ne, amma wanda bai sani ba zai ɗauka farashi ya faɗi sau biyar. A kasuwannin bakin iyaka ga naira ta shigo lissafi, kuma tun da Najeriya ta saki darajar kuɗinta a watan Yuni na 2023, farashin naira wanda ba a rubuta ranarsa da canjinsa ba, ba ya gaya maka kome. Kundin da ba ya barin mutum ya tace da ma'aunin da ya sani, ya bar shi a rabin hanya.

Rami na uku lokaci ne. Farashin jiya labari ne, na bara tarihi ne, kuma kowanne da amfaninsa, in dai an san wanne ne wanne. Ku tuna abubuwan da suka ratsa kasuwanninmu a ƴan shekarun nan. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024. A watan Oktoba na 2024 hukumomin ƙasarmu suka hana fitar da hatsi, dawa, masara da shinkafa zuwa waje, ban da Mali da Burkina Faso. Wanda ya kwaso farashin waɗannan watanni ya cuɗa da na shekarun da hanya ke buɗe, ya fitar da matsakaici, ya yi lissafin ƙarya da alƙaluman gaskiya. Saboda haka dole kowane tarin bayani ya zo da ranar da aka sabunta shi a fili, a kuma iya cewa: nuna mini na watan nan kaɗai.

Rami na huɗu shi ne farashin wa ake magana. Kuɗin da manomi ya karɓa a kasuwar ƙauye daban, na sari a Maraɗi daban, wanda uwargida ta biya a Katako ta Yamai daban. Tsakaninsu akwai kuɗin mota, da na ƴan dako, da la'adar dillali, da abin da hanya ke ci. Idan aka karanta farashin ƙauye aka ce shi ne farashin hatsi, mai saye a birni zai ce ƴan kasuwa ɓarayi ne. Idan aka karanta na birni, manomi zai ce an cuce shi. Rigima da yawa tsakanin mai saye da mai sayarwa daga nan take tasowa, kuma rariya ɗaya, wadda ke raba sari da sayen ɗai-ɗai, ta isa ta kashe ta.

Wani zai ce: malam, mu da salula muke aiki, in ina son farashin Dawanau sai in kira yarona, me zan yi da kundi? Gaskiya ne salula ta yi aiki. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin cimaka na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da salula ke shiga gari-gari, ta samu cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan hujja ce a gare mu duka: idan neman labari ya yi sauƙi, kasuwa takan daidaita. Amma salula tana gaya maka na yau ne kaɗai, kuma daga bakin wanda ka sani. Ba za ta gaya maka yadda wake ya yi tsakanin kaka da bazara a shekaru goma a jere ba, shekara nawa ya hau, shekara nawa ya ci uwar kuɗin masu ajiya. Kuma mai yaro a Dawanau da wani a Malanbil babban Alhaji ne. Matar da jarinta bai wuce jika 50 ba, wa za ta kira?

A nan ne abin ya shafi aljihu. Tun 1991 aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jahar Maraɗi, yau kuma kusan babu garin da mata ba su da asusu ko adashi. Akwai kuma tsarin nan na ajiye amfanin gona a sito lokacin kaka, a karɓi bashi a kansa, a sayar idan farashi ya hau. Duk wannan caca ce a kan tambaya ɗaya: zai hau ko ba zai hau ba, kuma hawan zai biya kuɗin ajiya da na bashi? Amsar da ta fi kusa da gaskiya tana cikin alƙaluman shekarun baya, waɗanda aka tattara daga bakin waɗannan mata da kansu. A ce ƙungiyar mata 30 ta zuba abin da ta tara shekara guda a kan ji-ta-ji-ta, alhali tarihin farashin kasuwarsu yana kwance a kwamfutar wani biro, wannan ba daidai ba ne.

Kuma ba mu manta 2005 ba. Bayan fari da fara na 2004, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Daga baya masana suka yarda cewa an zura wa lissafin girbi ido, ba a kula yadda ya kamata da abin da ke gudana tsakanin Kano, Katsina da Maraɗi ba. Labarin yana nan a warwatse, wani a hannun wannan ma'aikata, wani a hannun waccan, wani a bakin ƴan kasuwa. Abin da ya warwatse, ko yana nan, ba ya tsai da masifa.

Wani kuma zai ce: duk abin da aka rubuta, ƙarshensa hannun masu lanho da patanti zai faɗa. Wannan tsoro ba na raina shi, domin shi ke sa wasu ba da farashin ƙarya idan an tambaye su. Amma a rarrabe. Farashin tiya a kasuwar Tunfafi ranar kaza ba sirrin kowa ba ne, duk wanda ya je kasuwa ya ji shi. Sunan ɗan kasuwa, lambar wayarsa, yawan buhun da ke sitonsa, wannan sirri ne, kuma tun 2017 ƙasarmu ta yi dokar kare bayanan da suka shafi mutum. Kundi mai kyau shi ne ma yake tsare wannan iyaka, domin a jikin kowane tarin bayani yana rubuta: wannan na kowa ne, wannan sai da izini. Inda babu kundi, nan ne takardu ke yawo daga hannu zuwa hannu babu mai sanin wa ya gani.

Sai masu cewa yawancin mutanenmu ba su karatun boko. Haka ne, amma ba dole kowa ya taɓa kwamfuta ba. Mu da ke gidajen rediyo, aikinmu ke nan, mu nemo mu karanta muku. Sai dai mai gabatar da shiri yana da ƴan mintoci ne kafin ya shiga iska, in labari bai samu cikin sauƙi ba, shirin zai tafi babu shi. Ɗan lakwal da ke gida zai iya nemo wa mahaifiyarsa a salula. RECA, haɗakar majalisun manoma, ta nuna cewa ana iya buɗe layin waya manomi ya yi tambaya da harshensa a ba shi amsa. Kuma kowa ya ga yadda saƙon murya na WhatsApp ya shiga hannun wanda bai taɓa zama a aji ba. Amma duk waɗannan hanyoyi bakin rijiya ne. In babu guga, wato kundin da ake iya nema a tace, haka za a tsaya ana leƙen ruwa.

Don haka ga kirana ga ma'aikatu da ƙungiyoyin da ke tara alƙaluman kasuwa. Ku haɗa jeri guda wanda zai faɗi abin da kowa ke riƙe da shi, ko da kowa zai ci gaba da ajiye nasa a gidansa. Ku sa sunayen kaya da na kasuwanni yadda jama'a ke faɗinsu, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, kusa da na Faransanci. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, to ga wurin da za a ga amfanin wannan a aikace. Ku sa rariya huɗu da ɗan kasuwa ke buƙata: kaya, kasuwa, lokaci, ma'auni. Ku rubuta ranar sabuntawa, in kuma an daina bin wata kasuwa, ku faɗa, kar a bar tsohon farashi yana zaune kamar na yau. Ku sa sunan biron da za a tuntuɓa idan an ga kuskure. Ku yi shi yadda zai buɗu a ƙaramar salula ba tare da ya cinye kuɗin intanet ba. Wannan ba alfarma muke roƙo ba: tun watan Fabrairu na 2011 aka yi dokar da ta amince wa ɗan ƙasa ya nemi bayanan hukuma. Kuma ko a wajen masana na duniya, ƙa'idojin kula da bayanai da suka fitar a 2016 sun sa sharaɗi na farko shi ne a iya gano abu, kafin a yi maganar amfani da shi.

Mu ma ƴan kasuwa da namu aikin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kungiyoyinmu na masu hatsi, masu albasa, masu aya, masu bisashe, kowace tana da takardu: rasit na haya, yarjejeniyar rumfa, sunayen waɗanda suka biya kuɗin ƙungiya, takardun duwan. Yawanci suna cikin leda ko akwati a gidan sakatare, in ya yi tafiya ko ya rasu, shi ke nan. Kun ga kuma yadda gobara ke yi wa kasuwanninmu, ranar da za a sake raba rumfuna sai a rasa shaidar wa ke da wace. Ba sai da kwamfuta ba. Littafi ɗaya mai layi biyar ya isa farawa: mene ne takardar, ta wace shekara ce, ta shafi wa, tana ina, wa ke riƙe da ita. A yi kwafi biyu, a ajiye a gida biyu. Wanda ya yi wannan ya yi kundin jerin bayanai, ko bai taɓa jin sunan ba.

Sannan idan mai tambayar farashi ya sake zuwa rumfarku, Alhaji, Hajiya, ku ba shi gaskiya, domin ƙaryar da aka rubuta yau ita za ta dawo ta ruɗe ku gobe. Amma kafin ya tafi, ku ma ku yi masa taku tambayar: malam, wannan da kake rubutawa, a ina zan same shi, kuma da wane harshe? In ya ji ta a Maraɗi, ya ji ta a Tawa, ya ji ta a Damagaram, dole wata rana ya kai ta gaban shugabanninsa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da asara.